Ina so in fara sana'ar garin tumatir: ta yaya zan gwada kasuwar kafin in zuba jarina?

Malamin Kura ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni malamin makaranta ne a ƙasar Kura ta Jihar Kano, na ajiye aiki bara bayan shekara 35, kuma an biya ni kuɗin sallama, wanda bayan na biya basussuka na gyara rufin gida ya rage mini kimanin naira miliyan 4. Wannan kuɗi shi ne iyakar abin da na mallaka, shi ya sa nake jin tsoron taɓa shi ba tare da shawara ba.

Duk wanda ya san yankinmu ya san abin da ke faruwa da tumatir. Daga watan Janairu zuwa Maris, idan noman rani na Kadawa da kewaye ya nuna, kwanduna kan cika kasuwar Kwanar Gafan har a rasa wurin ajiye ƙafa, kuma wani lokaci farashi yakan faɗi ta yadda manomi zai gwammace ya yayyanka tumatirinsa ya shanya a ƙasa ya zama kauɗa, maimakon ya biya kuɗin mota. Da zarar damina ta kankama kuwa, sai tumatirin ya zama abin nema, uwar gida ta aiki yaro da kuɗi masu kauri ya dawo da ƙwaya huɗu a leda. Tunanin da na daɗe ina yi shi ne in riƙa sayen tumatir lokacin arha, in busar da shi cikin tsafta ba a kan ƙasa ba, in niƙa shi gari, in zuba a ƙananan leda in sayar lokacin tsada.

A watan Maris da ya wuce na sayi kwando biyu na gwada. Na shanya a kan raga a saman soro, na rufe da gidan sauro saboda ƙuda da ƙura, na kai inji aka niƙa, sannan na rarraba wa iyalina da surukaina da maƙwabta da wasu tsofaffin abokan aiki. Babu wanda bai yaba ba. Babban ɗana yana matsa mini in sayi injin busarwa da na liƙe leda tun yanzu kafin farashinsu ya ƙara tashi, uwargidana kuma ta ce in dakata. Tambayata ga waɗanda suka san kasuwa ita ce: ta yaya mutum zai tabbatar sana'a za ta karɓu kafin ya zuba dukiyarsa? Shin yabon da na samu ya isa shaida? Kuma idan na fara nuna wa baƙi kayan, ba na jin tsoron wani mai jari ya riga ni?

Ɗan Singa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya sa a gama lafiya, Ya kuma albarkaci abin da aka samu. Na fi shekara 20 ina sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa, kuma zan fara da abin da ba zai yi maka daɗin ji ba: yabon nan da ka samu bai isa shaidar komai ba. Mu mutane ne masu kara. Surukinka ba zai karɓi kyauta daga hannunka ya ce miyar ta yi baƙi ba, ɗalibinka na dā kuma ko ƙasa ka ba shi a leda cewa zai yi Allah Ya sa albarka. Abin da ka auna shi ne mutuncinka a idon jama'arka, kuma alhamdu lillahi ka same shi, amma ba ka auna kasuwa ba tukuna.

Na san wannan ne domin ya taɓa cin kuɗina. Shekarun baya na ƙirƙiro garin kunun gyaɗa a leda, na ba 'yan uwa da abokan kasuwa suka sha suka yi ta santi, sai na tafi kai tsaye na sa aka buga mini leda mai ɗauke da suna da hoto, kuma masu bugawar suka ce ba sa yin ƙasa da dubu hamsin. Na biya. Da kayan suka shiga shaguna sai na gano cewa matan da nake sa rai su saya sun saba sayen markaɗaɗɗiyar gyaɗa a hannun maƙwabciyarsu, wadda take ba su bashi har ƙarshen wata, kuma babu abin da ledata mai hoto ta fi ta da shi a wurinsu. Kayan suka yi kwantai. Har yau ragowar ledojin suna cikin sito a bayan buhunan sukari, duk sanda na shiga sai sun gaishe ni.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce ka daina kyauta daga yau. Abin da ya rage maka na gari ka ƙulla shi a farar leda, ka sa masa farashi, ka kai shi inda ba a san ka ba. Kada ka kai unguwarku, kada ka kai garin surukanka. Ka zaɓi masu tireda biyar ko shida a unguwanni daban-daban, wasu na masu ƙaramin ƙarfi wasu na ma'aikata, ka ajiye wa kowa adadin da ka ƙirga ka rubuta, a kan sharaɗin in an sayar a biya, domin babu mai shagon da zai sa kuɗinsa a kayan da bai sani ba. Ka bar masa ribar da ta ɗan ɗara abin da yake samu a tumatirin leda, in ba haka ba zai jefa kayanka ƙarƙashin kanta ya manta da su.

Daga nan abu biyu za ka sa wa ido. Na farko, wa ya kira wani? Idan kai ne kullum kake bugo waya kana tambaya ko an saya, amsar ta riga ta fito. Idan mai shagon ne ya neme ka ya ce Malam kayan nan sun ƙare a ƙaro, to ka fara ganin haske. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne saye na biyu. Kowa yana iya sayen sabon abu sau ɗaya don ya ga ƙwaƙwaf. Matar da ta dafa, mijinta da 'ya'yanta suka ci, sannan ta sake aiko yaro da kuɗi, ita ce kasuwarka. Ka roƙi masu shagon su riƙa lura da wannan, ai sun san gidajen unguwarsu ɗaya bayan ɗaya.

Ka kuma gwada farashi iri biyu a unguwanni biyu da ba sa haɗuwa, domin mutum idan ka tambaye shi nawa zai iya saye, lissafin baki zai yi maka, amma aljihunsa ba ya ƙarya. Kuma tun kafin ka kai ƙulli ɗaya, ka zauna ka rubuta a littafi abin da za ka kira nasara da abin da za ka kira faɗuwa, misali ka ce idan cikin mako shida shaguna uku daga cikin shida ba su nemi ƙari ba, ba zan sayi inji bana ba. Dalilin rubutawar shi ne, idan ba ka yi haka ba, duk sakamakon da ya zo zuciyarka za ta nemo masa uzuri, ta ce ai wata ne ya yi nisa, ai ruwa aka yi ta yi, ai mai shagon ne ba shi da fara'a.

Batun satar dabara kuwa, ka kwantar da hankalinka. Busar da tumatir ba asiri ba ne, kakanninmu sun yi. Mai babban jari ba ya bin sana'ar da ba ta nuna kanta ba, kuma ranar da ta nuna, abin da zai kare ka shi ne masu sayen da suka saba da hannunka, ba ɓoyo ba.

Maman Sadiya ta amsa:

Malam, barka da hutawa. Ni mai dafa abincin biki ce a Zariya, kuma ina sayar da dakakken yaji a roba shekara bakwai ke nan. Alhaji Ɗan Singa ya yi magana ta kasuwa kuma na yarda da shi, sai dai ina so in ja hankalinka zuwa wurin da za a yanke wa kayan nan hukunci, wato tukunya.

Abin da ya hana mata da yawa son kauɗa ba datti ne kaɗai ba. Tana sa miya ta yi duhu, tana da tsamin da sai an sa ɗan kanwa kafin ya kwanta, kuma sai an jiƙa an wanke an kai markaɗe. Mace tana iya haƙuri da wannan a miyar kuka ko ta kuɓewa, amma a miyar dage-dage da dafa-duka launi shi ne rabin girkin, shi ya sa ko da tsada take sayen tumatirin leda ta haɗa da ɗan tattasai. Don haka abokin hamayyarka ba ɗanyen tumatir ba ne kamar yadda kake zato, tumatirin leda ne da na gwangwani, waɗanda suke nan rani da damina a kowane lungu. Tambayar da za ka amsa ita ce me zai sa mace ta bar abin da hannunta ya saba da shi ta ɗauki naka.

Ga yadda na gwada yajina kafin in fara sayarwa, kuma kana iya yin irinsa. Ka sa uwargidanka ta dafa shinkafa dafa-duka tukunya biyu, mai da gishiri da sauran kayan duk daidai, ɗaya da garinka ɗaya da tumatirin leda, sannan a zuba wa matan da ba su san wace ce wace ba, kuma kada kai ko ita ku tsaya a kansu. Ba sai an tambaye su ba ma, ku duba kwanon da aka fara sharewa. Ku kuma rubuta cokali nawa na garin aka zuba kafin ya kamo launin ledar guda ɗaya, domin nan farashinka yake. Idan sai an zuba garin da kuɗinsa ya ninka na leda kafin a samu ja iri ɗaya, to komai tsaftarsa ba zai tafi ba.

Haka nan idan za a yi hira da mata, kada a ce musu za ku sayi kaza in an kawo, domin kowa cewa za ta yi in sha Allahu. A tambaye su abin da ya riga ya faru: daminar bara da tumatir ya yi tsada, da me kika yi miya, nawa kike kashewa a rana, wa kike aika markaɗe, sau nawa yaron ya dawo ya ce babu wuta? Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau. Babu mai dafa tumatir shi kaɗai, kullum tare yake tafiya da tattasai da attaruhu da albasa, kuma wahalar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya ita ce layin injin markaɗe da kuɗinsa, wanda ya ƙaru tun da man fetur ya yi tsada. Ni a ganina, idan akwai abin da zai sayu, haɗaɗɗen garin kayan miya ne wanda za a dama da ruwa a zuba a mai, ba zallan tumatir ba. Ka gwada duka biyun ka gani, wataƙila ni ce na yi kuskure.

Sannan kada ka tsaya ga matan gida. Masu sayar da abinci a tasha da bakin asibiti da masu dafa wa makarantun kwana sun fi kowa lissafi, suna sanin abin da kowace tukunya ta ci, ba sa jin kunyar faɗa maka gaskiya, kuma mutum ɗaya daga cikinsu yana sayen abin da gida ashirin za su saya.

Abu na ƙarshe shi ne damina. A shekarata ta farko na ƙulla yaji a farar leda cikin watan Afrilu yana washar-washar, zuwa Agusta ya dunƙule kamar dawo, sai da na karɓo wanda na kai wa mutane na mayar musu da kuɗinsu. Garin tumatir ya fi yaji shan danshi. Ka ware ƙulli goma yau, ka rubuta kwanan wata a jiki, ka rataye su a kicin inda tururi yake, kana buɗe ɗaya duk mako biyu kana duba launi da ƙamshi.

Injiniyan Gona ya amsa:

Baba Malam, ina gaisuwa. Aikina ya shafi sarrafa amfanin gona, kuma ina so in ƙara ɓangaren da Alhaji da Hajiya Maman Sadiya ba su taɓo ba. Sana'a tana iya samun masu saye kuma ta kashe mai ita, idan kowane ƙulli da ya sayar yana cin jarinsa ba tare da ya sani ba.

Tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne. Ma'anar wannan ita ce kana buƙatar wajen kilo 15 zuwa 20 na ɗanye kafin ka samu kilo ɗaya na busasshen gari, gwargwadon irin da ka saya. Iri mai tsoka irin su Roma da UC82B ya fi mai ruwa auki nesa ba kusa ba. Ban ga ka ambaci nauyin kwandunan nan biyu da nauyin garin da ya fito ba, kuma ina kyautata zaton ba a auna ba. Kafin injin miliyoyi, ka sayi sikeli. A gwaji na gaba ka auna kwando cike, ka auna abin da aka zubar na ruɓaɓɓe, ka auna bayan bushewa, ka auna bayan niƙa. Ka sa kuɗin mota da na masu yanka da na niƙa da na leda, har da aikin da iyalinka suka yi kyauta, domin ranar da aikin ya girma biya za ka yi.

Injin da ake tallata maka kuma, ka tambayi mai shi abu uku: kilo nawa na ɗanye yake ɗauka a zubi ɗaya, awa nawa yake yi, kuma me yake ci. Fitar da ruwa mai yawa haka da zafin lantarki ko gas aiki ne mai tsada. Tun watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa sama da naira 200 kowane yunit, waɗanda ba sa rukunin kuma ba su da wutar da za a dogara da ita, janareta kuwa kowa ya san halin da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Sa'ar da kake da ita ita ce kakar tumatir tana zuwa daidai lokacin da iskarmu ta fi bushewa, don haka rumfar busarwa mai rufin leda da ragar hana ƙura, wadda kafinta da mai walda za su haɗa maka, tana iya wadatar da kai a shekarar farko. Idan ka nace sai inji, ka ce wa mai ƙera shi ya kai ka wurin wanda ya saya yake aiki da shi, ka biya haya ka busar da kwando biyar a gabanka. Zafin da ya wuce kima yana mayar da jan tumatir ruwan ƙasa, kuma gara ka ga haka a injin wani.

Kada kuma ka ɗauka arhar tumatir alkawari ce ta kowace shekara. A 2016 tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manomanmu suke kira sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A shekarar ne masana'antar tumatir ta Dangote da ke nan Kadawa kusa da ku ta fara aiki, wadda aka gina don ta sarrafa tan 1,200 a rana, kuma ba ta daɗe ba ta tsaya saboda rashin isasshen tumatir. Masu saye ba su ne matsalarta ba, abin da za a zuba wa injin ne babu. Ka lissafa ribarka sau biyu, da farashin kwando na shekarar arha da na shekarar tsada, ka ga ko za ka iya tsayawa a ta biyun.

A nan ne na ɗan saɓa da Alhaji game da mako shida. Wannan sana'a kaka biyu gare ta, ana yin kayan da rani ana sayarwa da damina. Idan ka kai garinka shago yanzu da ɗanyen tumatir bai gama ƙarewa ba, ƙila ya ƙi tafiya ka yanke ƙauna a banza. Idan kuma ka gwada a tsakiyar Yuli kaɗai, ƙila ya tafi da gudu ka zaci haka zai yi duk shekara. Cikakken gwaji sai ka zagayo shekara guda, kuma abin da za ka kashe a kansa bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin nan ba.

Abu Hafsa ya amsa:

Malam, ina da ƙari biyu gajeru. Na farko, shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce mutum ya ba ka kuɗinsa kafin ya karɓi kaya. Idan masu abincin da Hajiya ta ambata sun gwada sun gamsu, ka nemi su yi odar damina mai zuwa su biya tun da rani a kan farashi mai rangwame. Wannan shi ne cinikin salam, kuma shari'a ta halatta shi da sharuɗɗa: a san awo ko nauyi, a san siffar kayan, a san ranar bayarwa, a kuma biya kuɗin gaba ɗaya a lokacin ƙulla ciniki, duk da cewa a mazhabar Malikiyya an yi sassaucin jinkirin da bai wuce kwana uku ba. Kada a ɗaure cinikin da amfanin wata gona guda, domin tana iya lalacewa. Ka rubuta, ka sa shaidu, kuma kada ka karɓi abin da ya fi ƙarfin rumfarka.

Na biyu, ina jan hankali game da ajiye kaya a shaguna. Abincin da aka sarrafa aka ƙulla don sayar wa jama'a yana buƙatar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma mai shagon da aka samu da kaya marasa lamba shi ma yana iya shiga matsala. Ka je ofishinsu na Kano ka tambayi abin da ake buƙata daga ƙananan masu sana'a tun kafin ka ɗora bulo ɗaya, domin sukan zo su duba wurin da ake aikin, kuma gyaran gini bayan an gama ya fi ciwo. Za su nemi takardar rajistar sunan kasuwanci ta hukumar rajistar kamfanoni, CAC, wadda ita ba ta da wahala sosai.

Ɗan Singa ya sake amsawa:

Gaskiyar Abu Hafsa ce, na yi gaggawa a nan, kuma na karɓi gyaran Injiniya a kan lokaci. A bar shagunan sai an samu lamba. A fara da masu abinci hannu da hannu, ma'aunin dai bai canza ba: wa ya dawo da kuɗinsa karo na biyu ba tare da an bi shi ba.

Malamin Kura ya dawo:

Ina godiya ga kowa, Allah Ya saka da alheri. Na yi shiru ne mako huɗu domin in zo da labari ba da alkawari ba.

Mun yi gwajin tukunya biyu ranar sunan jikar maƙwabcinmu, kuma zallan garina ya sha kaye, domin kwanonsa ne ya yi saura, wata tsohuwa ma da ba ta san nawa ba ne ta ce wannan shinkafar kamar an dafa ta da ruwan jiƙon kanwa. Uwargida ta yi dariya har da hawaye. Bayan kwana biyu muka sake, wannan karon ta haɗa garin da busasshen tattasai da ɗan attaruhu kamar yadda Maman Sadiya ta ce, sai launin ya tashi sosai, kuma babu wanda ya iya bambance tukwanen.

Haɗin ne 'yata ta kai wa mata tara masu sayar da abinci a bakin titin Kano zuwa Zariya, da kuɗi ba kyauta ba. Huɗu suka saya, biyu daga cikinsu suka sake aikowa da kansu, ɗaya ta ce ya yi mata yaji da yawa, ɗayar kuma ta ce sai dai bashi. Ɗaya daga cikin biyun da suka dawo ta ce abin da ya burge ta ba ɗanɗanon ba ne, tashin asuba zuwa markaɗe ne ta huta da shi, kuma ta nemi a riƙa kawo mata a babbar roba maimakon ƙananan leda, abin da ban taɓa kawowa a raina ba.

Na sayi sikeli, na fasa sayen inji bana, ɗana bai ji daɗi ba amma ya haƙura. Ƙulli goman suna rataye a kicin, na buɗe na biyu jiya na tarar ya fara ɗan kama jikinsa tun ruwa bai yi nisa ba. Injiniya, shin wannan daga ledar ne ko kuwa tun farko tumatirin bai gama bushewa ba kafin a niƙa? Idan daga ledar ne, wace iri ya kamata in nema, kuma ana samun ta a Kano ba sai an sayi dubu hamsin ba?